Takalma a Bakin Ƙofa

Asabar, 10 ga Satumba 1994, bayan azahar

Wannan littafi na ɗana Musbahu ne. A aljihun teburinsa na same shi, shafi biyu kawai ya cika da lambobin waya. Na tsallake su na fara daga na uku. Rabona da riƙe alƙalami da wata manufa tun da na ajiye aikin koyarwa, amma ba ni da wanda zan gaya wa magana a gidan nan sai bango.

Ɗazu wani mutum ya zo daga kamfanin da yaron yake wa aiki. Mai ladabi ne, ya cire takalmi, ya tambayi mai jiki. Sannan ya ce gidan na ma'aikacin da ke zuwa aiki ne, kuma yau kwana arba'in ke nan tun hatsarin da ya kwantar da shi ran wata Talata, bai farfaɗo ba. Sun ba ni mako biyu. Ya ce in ina so za su yanka mini tikiti zuwa Kano. Na ce masa ɗana yana nan asibiti a Shumaisi, hawa na uku, gadon ƙarshe kusa da taga. Ya ce ya sani. Ya sha ruwan da na ba shi ya tafi.

Wata biyar ke nan da zuwana Riyad. Musbahu ne ya matsa sai na zo, bayan an yi sadakar arba'in ta mahaifiyarsa. Ya ce ba zai bar ni a Dutsin-Ma ina hira da kaji ba. Ga shi yanzu ko kajin babu.

Lahadi, 11 ga wata, bayan magariba

Babu canji.

Litinin, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Harouna ya zo da motar maigidansa. Mutumin Maraɗi ne, direba, abokin Musbahu tun kafin in zo. Shi kaɗai ya rage yana leƙo ni. Na gaya masa abin da nake nema bai da yawa: ɗaki a ƙasa, don matakala ta fi ƙarfin gwiwata, kuma kusa da asibiti yadda zan taka da sandata, don ba kullum zai samu sukunin kai ni ba.

Mun shiga ofisoshin dillalan gidaje huɗu. A kowanne ni na fara magana, da Larabcin da Malam Sani ya ɗura mana da bulala a makarantar Midil. Sai su saki baki suna kallona. Wani ya kira abokinsa ya zo ya ji tsoho mai magana kamar huɗubar Juma'a. Da dariyar ta lafa sai tambaya ɗaya: ina iyali?

A garin nan gidaje kashi biyu ne, na masu iyali da na gwagware. Gwauro su azzabi suke ce masa. Ba a haɗa su a bene ɗaya, ko da gwauron ya kai shekara saba'in da uku, ko da haƙoransa shida. Na ce wa na ƙarshen, wani yaro mai gashin baki kamar an zana da biro, na yi aure tun ba a haifi ubansa ba, shekara arba'in da shida muna tare. Ya ce masha Allah, to ina take? Na jawo sandata na miƙe. Ya rubuta wani abu a takarda ya tura wa Harouna, ba ni ba.

Talata, 13 ga wata, da hantsi

Ba na son Talata. Ban fita ba sai lokacin ziyara.

Laraba, 14 ga wata, bayan azahar

Takardar shekaranjiya ta kai mu unguwar Gubaira, bayan garejin gyaran motoci. Gidan gwagware. Ɗaki ɗaya mutum takwas, gadaje hawa-hawa irin na ɗakin kwanan ɗalibai, kuma na sama ne babu kowa. Mutanen kirki ne, akwai Bakano a ciki, ya ce zai sauko mini da na ƙasa shi ya hau. Na gode masa. Amma daga can zuwa asibiti mota biyu ce, kuma ranar da na gwada shiga motar haya ni kaɗai sai da na tsinci kaina a unguwar Dira ina zagaye tsohuwar ganuwar nan ta ƙasa har aka rufe ƙofar ziyara.

Mun kama hanyar dawowa. Da muka tsaya a danja Harouna ya ce, “Baba, wanga gari ba ya son mutum guda. Amma kuma ba mai tambayar matar wani. Shekara shida ina maƙwabtaka da wani Bamisire, har yau ban san ko matar tasa doguwa ce ko gajera ba. Ko ma babu ta.”

Na gane inda ya dosa. Na ce masa shekara talatin da huɗu ina dukan yara a kan ƙarya. Ya ce ai shi bai ce komai ba, danja yake jira.

Alhamis, 15 ga wata

Gida uku. Na masu iyali ne kaɗai. Babu canji.

Asabar, 17 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi

Saura mako guda. Wani mai shago ya nuna mana wani tsohon bene mai hawa uku a wani lungu, tafiyar minti goma sha biyar daga ƙofar asibiti a irin tafiyata. Tagoginsa har yanzu da salatif a gicciye, wanda aka manna lokacin yaƙin Kuwait don kada gilashi ya tarwatse. Na ƙasan babu kowa tun lokacin. Mai gidan, Abu Sa'ad, tsoho ne kamata, ba ya harka da dillalai, ba ya son takardu. Ya ce shi hannun mutum yake karantawa.

Gidan ƙofa biyu gare shi a jere, kamar yadda suke yi: ɗaya ta shiga zauren maza, ɗaya ta shiga ɓangaren mata. A ciki wata ƙofa ta haɗa su. Akwai sanyi a ciki, ban san daga ina ba, don na'urar sanyin a kashe take.

Ya riƙe hannuna ya ce, “Ya Hajji, iyalin fa?”

Na ce, “Tana nan tafe.”

Abin da na ce ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba. Bai tambayi sunanta ba, don abin kunya ne a wurinsu. Ya girgiza hannun sau uku ya ba ni makullai biyu.

Na yi istigfari a mota har muka iso. Harouna ya kunna rediyo.

Litinin, 19 ga wata, da hantsi

Mun kwaso kaya. Ba su da yawa: katifa, akwatina, akwatin yaron, tukunya biyu, butar shayi.

Harouna ya ce gidan da ke da mace ana gane shi daga waje. Ya kai ni kasuwar Dira, muka sayi labule mai kauri na ƙofar mata, da baƙar abaya da za a riƙa shanyawa a igiya, da takalmi. Mai shagon ya tambayi lamba. Ban taɓa sanin lambar ƙafarta ba. Na buɗe tafin hannuna na auna masa: taƙi ɗaya da yatsa uku. Haka nake auna mata a kasuwar Charanchi in na je ranar Lahadi. Ya kawo wasu baƙaƙe masu ɗan adon zare ja a sama. Irin waɗanda za ta ce sun yi mata yarinta, sannan ta sa su ranar suna.

Na ajiye su a bakin ƙofar mata, bakinsu na kallon ciki, kamar ta cire ta shiga.

Talata, 20 ga wata, bayan magariba

Na taka da ƙafata na je asibiti na dawo. Minti goma sha bakwai. Na zauna kusa da shi awa biyu, na karanta masa Yasin, na gaya masa mun yi sabon gida. Injin yana ta hura masa iska. Babu canji.

Laraba, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

Akwai abin da ni da Harouna muka manta. Maza ba sa tambayar matar wani, gaskiya ne. Amma mata suna ziyartar mata.

Ina shan shayi na ji sallama da Hausa daga matakala, wata irin tsohuwar Hausa da rabona da ji tun kakata. Hajiya Madina ce, mai hawa na biyu. A Makka aka haife ta, iyayenta da ƙafa suka zo daga Haɗeja. Ba ta sauko inda zan gan ta ba, daga kwanar matakala ta tsaya, muryarta kawai nake ji da ƙarar awarwaro. Ta ce mai gadin gida ya gaya mata an samu 'yan ƙasa, ta ga kuma takalma, shin uwargida ta iso?

Na ce ta iso, amma gajiyar hanya ta kwantar da ita.

Ta ce, “Allah sarki. Hanyar da nisa.”

Ƙarya ta biyu ba ta yi nauyin ta farko ba. Wannan ya fi damuna.

Alhamis, 22 ga wata, bayan azahar

Ta aiko mai gadi da faranti, shinkafa da kaza irin tasu mai kayan ƙamshi, an rufe da wani farantin. Ya ajiye a ƙofar mata ya buga sau biyu ya juya baya. Sai da ya tafi na zagaya ta ciki na ja shi ta ƙarƙashin labule, kamar ɓarawo a gidana. Na ci loma biyar. Na wanke farantin na kife a kicin. Ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Gobe in na dawo masallaci zan sayi dabino in zuba.

Juma'a, 23 ga wata, bayan magariba

Na sayo dabinon. Farantin ba ya nan.

Na duba ƙarƙashin katifa ma, don tsufa ba abin da ba ya sa mutum.

Asabar, 24 ga wata, da hantsi

Hajiya Madina daga kwanar matakala. Ta ce in yi wa uwargida godiya, ko da yake ta riga ta yi mata da bakinta. Ta ce rabonta da funkaso irin wannan tun mahaifiyarta na da rai, mai ido-ido, ga miyar taushe da ta ji kabewa. Ta ce a ina muka samu daddawa a Riyad?

Na ce mun zo da ita.

Na koma ciki na buɗe tukwanen biyu. A bushe suke. Na shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan rubuta abin da na ji ba, don hancin tsoho ba shaida ba ne.

Lahadi, 25 ga wata

Babu canji.

Litinin, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Da rana tsaka garin nan mutuwa yake yi. An rufe shaguna, ba mota, ba kare, ba tsuntsu. Rana ta bi ta salatif ɗin taga ta zana gicciye a ƙasa, yana tafiya a hankali daga ƙofa zuwa katifa. A irin wannan lokaci nake jin an buɗe famfo a ɓangaren mata, kaɗan, kamar mai alwala da tattalin ruwa. Bututun gidan tsofaffi ne. Na gaya wa kaina haka.

Ƙofar da ta haɗa ɓangarorin biyu ban kulle ta ba. Ban kuma buɗe ta ba tun Asabar.

Takalman na ajiye su suna kallon ciki. Yau da zan fita na same su suna kallon waje. Mai gadi yana shara, wataƙila shi ne. Na ɗaga ɗaya. Akwai ƙura a ƙasansa, da ɗan ƙaramin dutse maƙale a diddige.

Talata, 27 ga wata, bayan magariba

Ma'aikacin jinyar nan ɗan Indiya, mai yi mini magana da Turanci, ya tare ni da fara'a. Ya ce mama ta zo da safe. Na ce wace mama? Ya ce tsohuwa, gajera, cikin baƙar abaya, ba ta jin Turanci ba ta jin Larabci, sun bar ta ta zauna don ba ta damun kowa. Ya ce kwana huɗu ke nan tana zuwa.

Na ɗaga bargo. An yanke masa farcen ƙafa. An shafe ƙafafun da mai har tsakanin yatsu, suna ƙyalli. Na sunkuya. Man kaɗe ne.

Na zauna har aka kaɗa ƙararrawa ban karanta komai ba.

Laraba, 28 ga wata, da safe

Mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Wani suna ta laƙaba masa tun yana goye, kuma daga ita sai shi, ko ni ban taɓa kiransa da shi ba. A takardunsa babu. Harouna bai san shi ba.

Hajiya Madina ta ce mini yau, “Malam, ya jikin Ɗan'iya? Uwarsa ta ce ƙafafun sun fara ɗumi.”

Na riƙe ƙarfen matakala. Ta ce ko ba ni da lafiya ne, ta ji numfashina. Na ce gwiwa ce.

Alhamis, 29 ga wata, bayan azahar

Na yanke shawara da asuba. Ni na kira ta. Na ce tana nan tafe, na riƙe hannun mutum na faɗa, na saya mata takalmi daidai ƙafarta. Kuma ban san abin da ta zo yi ba. In jinya ta zo, to. In kuwa tafiya ta zo yi da shi fa? Gara in koma gadon sama a Gubaira, in riƙa ɓata a hanya, da in zama ni na buɗe wannan ƙofa.

Na sami Abu Sa'ad a shagon ɗan'uwansa yana shan gahawa. Na shirya jimlolin tun a hanya, da Larabci mai kyau. Na ce, game da matata, akwai abin da ya wajaba in faɗa.

Ya ɗaga hannu, fuskarsa ta canza, ya dubi mutanen da ke zaune. Ya ce ba a kawo zancen iyali a kasuwa. Ya ja ni gefe ya ce in don ziyarar shekaranjiya ce, ba sai na yi godiya ba, matarsa ce ta ga ya dace ta je ta yi wa baƙuwa barka da zuwa. Sun sha shayi, ba su ji yaren juna ba, amma ta dawo tana yabon natsuwarta.

Na ce, “Ya Abu Sa'ad, matata ta rasu. A watan Sha'aban.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce rana ta yi zafi, kuma mai jinyar ɗa ba a kama shi da magana. Ya sa aka ba ni ruwa. Ya ce gidan nawa ne muddin iyalina na ciki.

Juma'a, 30 ga wata, da hantsi

Na gaya wa Harouna duka. Ya zo har bakin ƙofa, ya ga takalman, ya ƙi shiga. Ya ce, “Baba, ni wasa na ba ka shawara, ban ce ka auna ƙafa ba.” Ya ce in karɓi tikitin kamfani, shi zai riƙa duba Musbahu. Na ce in bar shi da wa? Ya juya ya koma mota.

Bayan ya tafi na zuba takalman a leda, da abayar, na kai su babbar durom ɗin shara ta bakin titi.

Asabar, 1 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Famfo bai yi motsi ba. Gicciyen rana ya zo ya wuce. Na buɗe ƙofar tsakiya: ɗaki ne kawai, da ƙura, da zafi. Sanyin nan ya tafi.

Ban san gidan da ba kowa yana da ƙara ba sai yau.

Asabar, bayan magariba

Zazzaɓi ya rufe Musbahu. Ƙafafun sun yi sanyi, sun bushe. Ɗan Indiyan ya ce yau mama ba ta zo ba, lafiya?

Lahadi, 2 ga wata, bayan asuba

Ni na je na ɗauko su. Na rubuta wannan don kada wanda zai karanta ya ce da kansu suka dawo. Motar shara ba ta zo ba, ledar na nan a ƙasa, sai da na sa ƙugiyar sandata. Na goge su da hannun rigata na ajiye su suna kallon ciki. Na tsaya a bakin labule na ce, “Bilƙisu, ki yi haƙuri.” Shekara arba'in da shida ban kira sunanta a fili haka ba.

Ban san don shi na yi ba ko don kaina. Allah ya sani.

Litinin, 3 ga wata

Zazzaɓin ya sauka. Fuskarsa ta yi kyau, kamar lokacin da yake aji uku. An taje masa kai.

Da rana an buɗe famfo. Na yi barci, karo na farko da na yi barcin kirki tun waccan Talatar.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Gadon a gyare yake. An sa sabon zanen gado, an buɗe taga.

Laraba, 5 ga wata

Mun kai shi makabarta mun dawo, mu bakwai. Ƙasar garin nan ja ce, ba ta riƙe danshi. Ba sa sa alama.

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi

Asibiti sun ba ni leda: agogonsa da gilashin ya tsage, iƙamarsa, wato takardar zamansa, da makullin mota. A takardar da na sa wa hannu an rubuta har da takalmi, ƙafa biyu. Babu su a ledar. Sun duba, sun ba ni haƙuri.

Mutumin kamfani ya same ni a can. Ya ce takardar zamana a jikin ta yaron take, yanzu ba ta da abin riƙewa. Jirgi ranar Lahadi. Harouna zai zo ya ɗauke ni da ƙarfe tara. Na ce to.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

A matakala nake rubuta wannan, a zaune, littafin a kan gwiwata.

Da na shigo lungu mai gadi ya taso da murna ya kama hannuna biyu. Ya ce mabruk, ya Hajji, alhamdu lillahi da lafiya. Ya ce ya ga yaron da hantsi, yana ɗan ɗingishi, uwarsa na riƙe da hannunsa. Ya ce dogo ne, ya fi ni.

Ya fi ni. Tun yana shekara sha shida.

Takalmanta suna ƙofar mata. A ƙofar maza akwai wasu, ruwan ƙasa, na fata, waɗanda ya saya a Kano ranar da ya zo ɗaukata. Igiyar na hagu a tsinke take tun waccan Talatar. Duka suna kallon ciki.

Daga sama Hajiya Madina ta leƙo da murya ta ce yau gidanmu sai ƙamshi, a tuna da maƙwabta. Ina jin sa ni ma. Daddawa ce, da kabewa. Ana ta ɗan motsi da kwanuka, a hankali, yadda ake yi in ana jiran mutum ya dawo kafin a zuba.

Harouna, in kai ka tsinci littafin nan ranar Lahadi, ka mayar wa kamfani tikitinsu, ka yi musu godiya. Ka gaya wa Abu Sa'ad ashe ban yi masa ƙarya ba.

Na cire nawa. Zan jera su kusa da na yaron, daidai, don ba ta son ganin takalmi a watse.